Mashayar unguwa ko ɗakin kwana: rigimar da ke raba maƙwabta a Ingila

Ranar Litinin 6 ga watan Afrilu na shekara ta 2015 ranar hutu ce a Ingila. A wannan rana ce masu mallakar Carlton Tavern, wata tsohuwar mashaya da ke unguwar Maida Vale cikin birnin Landan, suka ce wa matar da ke riƙe da wurin ta rufe ƙofa ta je ta huta, wai za a yi ƙidayar kaya. Baiwar Allah ta rufe ta tafi, ba ta kawo komi a ranta ba. Da ta komo bayan kwana 2, sai ta iske katafila tana cin ginin, rufi ya zube bisa kujeru da tebura, maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin hanya suna kallo. Da ƙura ta lafa, bango guda kaɗai ya rage tsaye.

Ginin nan kuwa yana da tarihi. An gina shi a 1921 bisa kangon wata mashaya da bam ɗin Jamusawa ya rusa a 1918. Lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da jiragen Hitila suka yi ta ruwan wuta bisa Landan, shi kaɗai ya tsira a layinsu. Abin da bam bai yi ba, kamfanin gine-gine ya yi shi da rana tsaka. Kamfanin ya nemi izinin rushe wurin don ya tada bene mai gidaje 10, majalisar gundumar Westminster ta hana shi a watan Janairu na wannan shekara. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi tana dab da sa mashayar cikin jerin wuraren da doka ta hana taɓawa. Sai katafila ta riga takarda isowa. Mutanen unguwa ba su sha wahalar gane lissafin ba: a rushe tukuna, in an ci tara a biya, riba ta fi tarar.

Mai karatu na Maraɗi ko na Tawa yana iya cewa: to mene ne abin baƙin ciki don an rushe gidan giya? Tambaya ce mai kan gado, kuma ko cikin Turawan ba a rasa masu yin ta. Likitocinsu sun san hantar da giya ta ci, matansu sun san albashin da ya ƙare a can tun kafin ya iso gida. Sai dai wanda ya tsaya nan bai ga rabin maganar ba. Sunan da Ingilishi ke kiran wurin da shi, pub, gajartawa ce ta kalmomi biyu masu ma'anar gidan jama'a. A ƙasar da ruwa ke sauka kowane wata, inda duhu ke rufe gari tun ƙarfe 4 na marece a watan Disamba, ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba a zama gindin bedi. Aikin da zaure da teburin mai shayi da fadar samari ke yi a Damagaram, mashayar unguwa ce ke yin shi a can. Nan ake taruwa bayan an kai mamaci, nan ƴan ƙwallon unguwa ke shawara, nan reshen ƙungiyar ƙwadago ke zama a ɗakin bisa, nan ake zagayawa da gwangwani a tara wa mara lafiya taimako. Wanda ba ya sha yana iya zama da kofin kafe ko lemo, iyali kuma su zo cin abincin ranar Lahadi. Mutum yana shiga ba da gayyata ba, kuma ba wanda zai ce masa ya tashi.

Yadda mashayu suka yi ta mutuwa

A shekara ta 2000, ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙidaya mashayu kusan dubu 60 a Birtaniya. Zuwa 2024 sun koma wajen dubu 45. Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne laifin masu gine-gine ba. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta tilasta wa manyan kamfanonin giya su saki dubban mashayun da ke hannunsu, da niyyar a buɗe kasuwa. Waɗanda suka saye su wasu sababbin kamfanoni ne da suka ci bashi mai yawa daga bankuna, suka riƙa tatsar masu riƙon mashayun da kuɗin haya mai tsada da sharaɗin sayen abin sha daga wurinsu kaɗai. Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, bashi ya shaƙe su, suka shiga saida gine-ginen ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan, ranar 1 ga watan Yuli na 2007, an hana shan taba cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila. Manyan kantuna suna saida abin sha da araha, mutane suna saye su tafi gida gaban talabijin. Matasa da dama sun rage sha, wasu ba su taɓa farawa ba. Annobar korona ta 2020 ta rufe ƙofofi watanni, tsadar wuta da gas ta 2022 ta ƙarasa waɗanda suka jigata.

Amma akwai dalili guda da ya fi sauran jawo rigima, shi ne darajar fili. Mashaya takan zauna a kusurwar hanya, da tsakar gida, da wurin aje motoci. A birni kamar Landan, in aka mai da wannan fili gidajen kwana, kuɗin da zai kawo ya ninka abin da sana'ar za ta kawo cikin shekaru masu yawa. Saboda haka ko mashayar da ke cike da mutane kowane dare ba ta tsira ba. Ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa a 1971 kuma ta zama babbar mai kare mashayu, ta daɗe tana kokawa da wata dabara: mai gini ya ƙara wa mai riƙo kuɗin haya har ya gudu, ya ƙi gyaran rufi, ya bar wurin a rufe shekara 2 ko 3, sa'an nan ya zo gaban hukuma ya ce sana'ar ta mutu da kanta.

Masu jiran ɗaki

Ga ɗaya gefen kuma. A shekara ta 2024, iyalai kusan miliyan 1 da dubu 300 ne ke cikin jerin masu jiran gidan hukuma a Ingila. Sama da iyalai dubu 100 suna zaune a masaukin wucin gadi, tare da yara fiye da dubu 150. Masaukin wucin gadi a nan yana nufin ɗaki guda a wani ƙaramin otel, ko tsohon ofis da aka yanyanka, inda uwa da ƴaƴa 3 ke kwana da girki da karatun lakkwal a wuri ɗaya, wani lokaci kuma nesa da unguwar da yaran suka tashi. Ana kiran shi na wucin gadi, amma akwai yaran da aka haifa a ciki har suka shiga lakkwal ba su san wani gida ba. Gwamnatin jam'iyyar Leba da ta hau mulki a watan Yuli na 2024 ta yi alkawarin gina gidaje miliyan 1 da rabi cikin shekara 5. Ko'ina aka ga fili cikin gari, ido na kansa.

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ɗaki ba zai yi saurin cewa mashaya ta fi gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shi ya sa wannan rigima ta fi ta Carlton Tavern wuyar yankewa in aka zo da shirin da ya ce: a rushe mashaya, a gina gidaje masu rahusa domin talakkawa. A nan buƙata ce ta ci karo da buƙata, kuma kowace tana da gaskiyarta.

Tun daga dokar tsara birane da karkara ta 1947, mai fili a Ingila ba ya da ikon gina abin da ya ga dama sai da izinin hukumar gari. In ya kai dosiyensa, sai a manna takarda a jikin sandar fitilar hanya, a aika wa maƙwabta wasiƙa, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Ma'aikacin tsara gari ya rubuta rahoto, in maganar ta yi zafi a kai ta gaban kwamitin zaɓaɓɓun ƴan majalisar gari. Zaman yakan kasance da dare, kowa yana iya shiga, kuma galibi minti 3 ake ba mai magana. In kwamiti ya ƙi, mai gini yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga sufeton gwamnati. In kwamiti ya yarda, maƙwabta ba su da irin wannan dama, sai dai su je kotu da kuɗinsu su nuna an taka doka.

A irin wannan zama akwai fuskar da ba a rasawa. Dattijo ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun watse cikin wasu garuruwa. Ya sa rigarsa ta fita, ya rubuto abin da zai faɗa a ƴar takarda, hannunsa na rawa. Abin da yake son kwamiti ya gane ba ya shiga cikin minti 3: cewa akwai ranakun da in bai je mashayar ba, ba zai yi magana da kowa ba daga safe har dare, cewa a can ne kaɗai in bai zo ba kwana 2 wani zai je ya buga masa ƙofa. Ba ƙaramar magana ce ba. A watan Janairu na 2018 gwamnatin Theresa May ta naɗa minista, Tracey Crouch, aka ɗora mata kula da matsalar kaɗaici, abin da ya ba duniya mamaki. Zumunta a ƙafa take, amma sai da inda ƙafar za ta je.

Akwai kuma fuskar da ba a gani a zauren, ita ce ta matar nan mai ƴaƴa 3. Ba ta zo ba, domin ba wanda ya aika mata wasiƙa: ba maƙwabciyar filin ce ba, tana can wata unguwa a ɗakin otel. Ba ta ma san cewa gidan da ake gardama a kansa yana iya zama nata ba, tunda ba a raba gidaje sai an gama gini. Waɗanda za su yi hasara suna da suna da adireshi da tarihi, suna iya tara sa hannu dubu cikin mako guda. Waɗanda za su amfana lamba ce kawai cikin rajista. Wannan rashin daidaito yana cikin kowane zama, kuma ɗan majalisa mai adalci dole ya riƙa jin muryar da ba ta cikin ɗakin.

Rahusar da ba rahusa ba

To amma kafin a yanke wa dattijo hukunci da sunan wannan mata, ya kamata a buɗe dosiye a karanta. A bakin hukumar Ingila, kalmar gida mai rahusa tana da faɗi ƙwarai. Tun 2011 ana iya kiran gida da wannan suna in kuɗin hayarsa bai wuce kashi 80 bisa 100 na farashin kasuwa ba. A 2024, matsakaicin kuɗin haya a Landan ya haura fam 2000 a wata, wato sama da miliyan 1 da rabi na sefa. Kashi 80 bisa 100 na wannan shi ne fam 1600. A wannan shekarar, albashi mafi ƙanƙanta shi ne fam 11 da kwabo 44 a awa. Wanda ya yi awa 40 kowane mako bai cika samun fam 2000 a wata ba, tun ma ba a cire haraji ba. Mai shara a asibiti ko mai dakon kaya a kanti da ya shiga irin wannan gida mai rahusa, da me zai ci abinci? Hayar da talaka ke iya biya ita ce ta gidajen hukuma na asali, wadda takan tsaya wajen rabin farashin kasuwa, ita ce kuwa aka fi ƙarancin ginawa.

Akwai kuma maganar adadi. Sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba hukumar gari ikon ɗora wa mai gini sharaɗin keɓe wani kashi na gidajensa ga masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai manufar gwamnati ta ce, in ban da wasu yankunan karkara, ba a neman wannan sai aikin ya kai gidaje 10 ko fiye. Filin mashaya ƙarami ne. Ba abin mamaki ba ne a ga dosiye ya zo da gidaje 9 cif. Ko da aikin ya wuce 10, mai gini yana iya kawo rahoton ƙwararru da ke nuna cewa in ya cika sharaɗin ba zai ci riba ba, a rage masa. Ta haka sau da yawa matar da aka rushe mashaya da sunanta ba ta samun ko taga guda a sabon benen. Dattijo ya rasa wurin zama, ita tana nan a ɗakin otel.

In ana neman inda gidajen talakkawa suka tafi, ba a mashaya za a same su ba. Dokar gidaje ta 1980 ta ba masu haya a gidajen hukuma ikon sayen gidajen da rangwame mai yawa. Iyalai da dama sun ji daɗin wannan, sun mallaki muhalli karo na farko a tarihin zuri'arsu. Amma an saida gidaje kusan miliyan 2 a Ingila, kuma shekara da shekaru aka ɗaure hannun hukumomin gari ba su iya gina madadinsu ba. Wani kashi mai yawa na waɗannan gidaje ya koma hannun masu ba da haya, har hukumar da ta gina su tana biyan kuɗi mai tsada don ta saukar da marasa gida a cikinsu. Yankin Sikotilan ya soke wannan tsari a 2016, yankin Wels ya bi sahu a 2019. Ramin da aka gina cikin shekara 40, ba filayen mashayu ne za su cike shi ba.

Gaskiyar da masu kare mashaya ba su son ji

Duk da haka, adalci bai yarda a wanke ɓangare guda tas ba. Akwai mashayun da suka mutu mutuwar Allah da Annabi. Masana'antar da ma'aikatanta ke cika wurin ta rufe, mutanen unguwa sun canza, waɗanda suka zo ba masu sha ba ne. A wasu unguwannin Landan da Birmingham da Bradford, tsofaffin mashayu sun zama gidajen abinci, wasu wuraren renon yara, wasu ma masallatai, kuma jama'a na ci gaba da taruwa a cikinsu ta wata siga. Akwai kuma kangon da ya shekara 10 da katako a tagoginsa, ɓeraye da masu shaye-shaye sun mai da shi gida. In ƙungiyar gina gidaje da ba ta neman riba ta zo da shirin gidaje 20 na hayar talakka a irin wannan wuri, wanda ya tsaya ya hana ba al'umma yake karewa ba. Kuma ma'aikatan tsara gari sun saba ganin wani abu: cikin masu sa hannu a takardar koke akwai waɗanda ba su taɓa taka ƙofar mashayar ba. Abin da ke damunsu shi ne wurin aje mota, ko darajar gidansu, ko irin maƙwabtan da za a kawo musu. Mashayar ta zama musu garkuwa kawai.

Kalmar gidan jama'a ita ma tana da tabonta. Ranar 12 ga watan Fabrairu na 1965, kwana 9 kafin a kashe shi, Malcolm X ya ziyarci garin Smethwick kusa da Birmingham bisa gayyatar ƙungiyar ma'aikata ƴan Indiya. An kai shi mashayar Blue Gates don ya ga da idonsa yadda ake hana baƙar fata da ƴan Asiya zama a ɗakin da Turawa ke zama. Wanda kakansa ya sha wannan wulaƙanci ba lalle ne ya zubar da hawaye don an rufe mashaya ba. Abin lura shi ne, a wannan yanki dai, ƴan asalin Indiya sun sayi mashayu da dama daga baya, suka cika su da gasasshen nama da kiɗan Panjab, suka buɗe ƙofa ga kowa. Wurin taruwa yana rayuwa ne in ya bi mutanen da ke kewaye da shi.

Abin da mutanen Nunhead suka yi

A watan Afrilu na 2012 aka rufe mashayar Ivy House a unguwar Nunhead, kudu maso gabashin Landan, bayan an saida ta ga mai son mai da ita gidajen kwana. Mutanen unguwa suka ɗauki wata sabuwar doka ta 2011 suka yi aiki da ita. Dokar ta ce mutum 21 masu katin zaɓe a yankin suna iya neman a rubuta gini cikin rajistar kadarorin da ke da amfani ga al'umma. In an rubuta, rajistar tana aiki shekara 5, kuma duk ranar da mai ginin ya tashi saidawa, dole ya dakata har wata 6 don jama'a su tara kuɗi su taya. Ivy House ce mashaya ta farko da aka saye ta wannan hanya. A 2013 aka biya fam dubu 810, sama da miliyan 600 na sefa, da rance da tallafi. Mutum 371 kuma suka sayi hannun jari na fam dubu 142 da ɗari 6 don gyara da soma aiki. A watan Agusta na wannan shekara ta sake buɗewa a matsayin ƙungiyar gama kai, kowane mai jari da ƙuri'a guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Labari ne mai daɗi, amma yana da iyaka. Dokar ta 2011 ta ba jama'a damar tayawa ne kawai, mai gini yana iya jiran wata 6 ya saida wa wanda ya so. Sa'an nan tara irin wannan kuɗi yana buƙatar unguwar da ke da lauya, da mai lissafi, da mutanen da za su iya fidda fam 200 ba su kwana da yunwa ba. A unguwannin gidajen hukuma, inda ɗakin karatu da gidan matasa suka riga suka rufe, inda mashaya ce wurin taruwa na ƙarshe, nan ne aka fi rasa masu wannan ƙarfi. Asusun fam miliyan 150 da gwamnati ta buɗe a 2021 don taimaka wa al'umma sayen irin waɗannan wurare an rufe shi a watan Disamba na 2024.

Doka dai ta ci gaba da tsuke hanya. A 2016 gundumar Wandsworth ta sa mashayu 120 ƙarƙashin kariya ta musamman. Daga watan Mayu na 2017, ba a rushe mashaya ko canza mata aiki a Ingila sai da cikakken izini. Tsarin birnin Landan na 2021 ya nemi mai gini ya nuna cewa ya sa wurin a kasuwa a matsayin mashaya, bisa farashi na gaskiya, har wata 24 bai samu mai so ba. Amma mai son riba ba ya rasa ƙofa. Ranar 5 ga watan Agusta na 2023 gobara ta cinye Crooked House, sananniyar karkatacciyar mashayar nan ta yankin Staffordshire, jim kaɗan bayan an saida ta. Bayan kwana 2 aka baje abin da ya rage. A watan Fabrairu na 2024 hukumar yankin ta ba da umurnin a sake gina ta, masu wurin suka ɗaukaka ƙara.

Wasu hukumomi sun nemi tsaka-tsaki: mashaya a ƙasa, gidaje a bisa. Wani wuri abin ya yi kyau. Wani wuri kuma an bar ɗakin ƙasa ba madafa, ba ma'ajiya, ba wurin kwanan mai riƙo, da haya mai tsada, har ya shekara babu mai so, sai a komo a nemi izinin mai da shi gida shi ma. Wani wurin sababbin mazauna ne ke kai ƙarar hayaniya. Domin wannan ne manufar gwamnati ta 2018 ta ce wanda ya zo daga baya shi ke da nauyin toshe ƙara a gininsa.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne, tambayar mashaya ko gida ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Ɗan majalisar da ke son ya yi adalci yana da tambayoyi huɗu da zai yi, kuma ya nemi amsarsu a rubuce. Gidaje nawa ne na hayar talakka cikin shirin, ba na kashi 80 bisa 100 ba? Wa zai raba su, kuma daga wace rajista? Mashayar mutuwa ta yi ko kashe ta aka yi? In an rushe ta, ina ne wuri mafi kusa da tsoho mai sanda zai iya zuwa da ƙafa ya zauna cikin mutane? In amsar biyun farko ta fito sarai, kuma wurin ya daɗe da mutuwa, to matar nan ta fi kango cancanta. In kuwa amsar ta zo da kame-kame, an ari sunanta ne kawai aka yi ciniki da shi.

Ita kuwa Carlton Tavern, majalisar Westminster ta yi abin da ba a saba gani ba: ta umurci kamfanin ya mai da ginin yadda yake, tubali bisa tubali. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka yi zaman sauraren jama'a, a 2016 sufeton gwamnati ya tabbatar da umurnin. An yi sa'a masu binciken tarihi sun riga sun auna ginin sun ɗauki hotunansa kafin rushewar, da su magina suka yi aiki. Ranar 12 ga watan Afrilu na 2021, ranar da aka sassauta dokar kullen korona, mashayar ta sake karɓar baƙi, shekara 6 da kwana 4 bayan zuwan katafila. Mutanen unguwa sun yi murna, kuma sun cancanci murnar, domin sun nuna cewa kuɗi ba ya sayen izinin da hukuma ta hana. Sai dai a wannan daren, a cikin gundumar Westminster ɗin nan, iyalan da ke masaukin wucin gadi sun kwana inda suka saba kwana, kuma dosiyensu yana nan cikin rajista yana jiran layi.